Fayil Ya Ƙi Buɗewa: A Gyara Ko A Koma Baya?

A Kaduna, daga titin Ahmadu Bello zuwa Ali Akilu, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, da wuya ka shiga asibitin kuɗi, ko makarantar kuɗi, ko babban kantin magani, ko ofishin ƙungiyar adashin ma'aikata, ba ka tarar da wata kwamfuta a lungu wadda ba a yarda kowa ya taɓa ta ba. Ita ce saba. A cikinta rumbun bayanai yake: sunayen marasa lafiya da lambobin katinsu, wanda ya biya kuɗin zango da wanda ake bi, katan nawa ya shigo sito, nawa ya fita. Sauran kwamfutocin ofis leƙe kawai suke yi, duk abin da kashiya ta gani a allonta daga can ta ɗebo shi.

Waɗannan injina sun tsufa kusan tare, kuma kamfanonin da suka yi manhajojinsu sun yi ta janye hannu ɗaya bayan ɗaya. Microsoft ya daina kula da Windows Server 2012 a Oktoban 2023, ya daina kula da SQL Server 2014 a Yulin 2024, sai Windows 10 a Oktoban 2025. Oracle ma ya sallami MySQL 5.7 a Oktoban 2023. Shi ya sa ake ta kiran injiniyoyi su sabunta saba. Yawanci a ƙarshen mako ake aikin, ranar Litinin da safe kuma a kunna, fayil ya ce atafau ba zai buɗe ba. Mutane sun yi layi a bakin kanta, mai wuri ya shigo yana tambaya, “Injiniya, me ake ciki?” Amsar da zai samu ba ta wuce, “Ranka ya daɗe, hanya biyu ce.” Ko dai a sa kayan gyara a kan fayil ɗin a tilasta masa ya buɗe, ko a bar shi yadda yake a ɗauko kwafin ajiya na baya, a sake shigar da abin da ya biyo bayansa da hannu. A kan wannan zaɓi masu sana'ar suka rabu gida biyu, kuma kowane gida yana da hujjar da ba ta wasa ba.

Kafin a saurare su, akwai abin da duk suka yarda da shi amma gaggawa ke sa a manta: ba kowane fayil da ya ƙi buɗewa ne ya lalace ba. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, sabuwar manhaja ce ba ta san tsohon zubinsa ba. Access na 2013 da waɗanda suka biyo bayansa ba sa buɗe fayil ɗin da aka yi da zubin Access 97, sai an fara bi da shi ta wata manhaja ta tsakiya. SQL Server 2012 ba ya karɓar kwafin da aka ɗauko kai tsaye daga SQL Server 2000. Kuma hanyar ba ta da juyi: da zarar sabon SQL Server ya buɗe fayil, ya mayar da shi zubinsa, tsohon ba zai ƙara karanta shi ba. MySQL 8.0 da ya fito a 2018 ya sauya yadda ake ajiye bayanin jadawalai gaba ɗaya, babu kuma komawa 5.7 sai da kwafin da aka ɗauka tun kafin a fara. Wani lokaci ma matsalar ba ta wuce izini ba, an kwashe fayil zuwa sabon faifai amma ba a ba manhajar ikon taɓa shi ba. Wanda ya sa kayan gyara a kan irin wannan fayil ya ba mai lafiya magani, kuma yana iya zama shi ne zai kwantar da shi. A Hukumar Adana Takardun Tarihi da ke titin Yakubu Gowon, takardun ofishin gwamnan Arewa na zamanin Turawa suna nan, duk mai ido zai karanta su bayan shekara ɗari. Fayil ɗin da bai kai shekara talatin ba kuwa sai an nemo masa tsohuwar manhaja.

Lalacewa ta gaske kuma tana faruwa, kuma a Kaduna mun san babban dalilinta. Rumbun bayanai ba ya rubuta abu a tashi ɗaya. Yana fara rubuta niyyarsa a kundin aiki, sannan ya je ya sauya ainihin shafin. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, ko batirin inbata ya mutu kafin janareta ya tashi, sai shafi ya tsaya rabinsa sabo rabinsa tsoho. A ranakun da aka saba, manhajar takan gyara kanta daga kundin aikin. Lokacin sabuntawa kuwa, da ake sake rubuta ginshiƙan fayil ɗin kansu, yankewar wuta tana iya barin shi ba ya tsohon zubi, ba ya sabo. Duk wanda ya zauna a garin nan a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke lalace, layin Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu, ya san yadda injina suka yi ta mutuwa suna tashi.

To, mu fara da masu cewa a gyara. Hujjarsu ta farko tambaya ce: a koma ga wane kwafin? Sun ce masu wa'azin komawa baya suna magana ne kamar kowane ofis yana da kwafin daren jiya a ajiye, alhali abin da akan tarar shi ne filas guda a aljihun tebur, wanda aka yi wa kwafi na ƙarshe tun kafin wanda ya kafa tsarin ya bar aiki. Wannan ba sakaci ne kaɗai ba. Ƙananan wurare da yawa suna amfani da SQL Server Express saboda kyauta ne, shi kuwa ba ya zuwa da sashen da ke gudanar da aiki kai tsaye bisa jadawalin lokaci, don haka idan ba wanda ya zauna ya shirya wata dabara ta daban, babu kwafin da zai ɗauki kansa. Wasu kuma suna da kwafi, amma a kan faifan da ya lalace ɗin yake kwance.

Sun kuma ce ko inda kwafi yake, ba a san ko yana da rai ba sai ranar da aka buƙace shi. Misalin da suke kawowa mai ƙarfi ne. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar ba sa aiki yadda ake zato. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da tsayawa, saboda manhajar ɗaukar kwafin ta zubin PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa an riga an ɗaga shi zuwa 9.6, saƙonnin gargaɗin ma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu don wani aiki daban, duk da haka sai da suka rasa bayanan kimanin awa 6. Idan kamfanin da sana'arsa ke nan ya faɗa wannan rami, in ji masu gyara, me kake tsammani daga makarantar da malamin lissafi ne ke riƙe da saba?

Hujjarsu ta uku ita ce ta fi taɓa ni. Komawa baya yana nufin a sake shigar da aikin kwanaki ko makonni da hannu, daga takarda. To ina takardar? Wurare da yawa sun daina riƙe rajista tun ranar da kwamfuta ta shigo, rasit kuma na farar takardar nan ce mai dusashewa cikin 'yan watanni. Ko an same ta, yarinyar da za a zaunar ta shigar da layi dubu biyu cikin dare biyu za ta yi kuskure, kuskurenta kuma ba shi da alama. Sannan kantin da ya rufe kwana uku yana sake rubutu, abokan cinikinsa sun koma maƙwabci. Gyara kuwa kan ɗauki awa ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa abin da ya lalace fihirisa ce kawai, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, wadda ake iya rushewa a sake ginawa ba tare da an rasa ko harafi ɗaya ba. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya san aikin ba zai musa ba.

Ɗaya gidan kuma ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne mutane ba su fahimci abin da kayan gyara ke yi ba. SQL Server yana ajiye bayanai a shafuka masu girman kilobayit 8, MySQL kuma yawanci 16, kowane shafi yana ɗauke da layuka da dama. Idan shafin ainihin bayanai ya lalace, manhajar ba ta da inda za ta samo abin da ke cikinsa. Aikin gyara shi ne ya mayar da fayil ɗin mai daidaiton tsari, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce a cire shafin da ya lalace a haɗa na gabansa da na bayansa. Kamar mai shago ne da ruwa ya jiƙa masa littafin bashi, sai ya yage shafukan da tawada ta narke, ya sake ɗinke littafin. Littafi ya yi kyau, yana buɗuwa, amma Malam wane da ke cikin shafin da aka yage ya zama ba a bin sa komai, kuma babu ramin da zai nuna an taɓa rubuta shi.

Ba masu adawa da gyara ne suka ƙirƙiro wannan tsoro ba. Microsoft da kansa ya rubuta a bayanan umarnin DBCC CHECKDB cewa mataki mafi tsanani na gyara mafita ce ta ƙarshe, yana iya jawo asarar da ta fi wadda za a yi idan an koma kwafi mai kyau, kuma ba ya duba alaƙar da ke tsakanin jadawalai. Wato yana iya share mara lafiya ya bar sakamakon gwajin jininsa yana yawo ba mai shi, ko ya share rasit ya bar jimillar kuɗin. MySQL yana da matakan tilas guda 6 na tayar da rumbun da ya ƙi tashi, masu shi kuma sun yi gargaɗin cewa daga mataki na 4 zuwa sama ana iya lalata fayil ɗin har abada. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Daga nan suke fitar da hujjar da nake ganin ita ce gishirin muhawarar. Idan ka koma kwafin ranar Alhamis, ka san abin da ka rasa: duk abin da aka shigar daga Alhamis zuwa yau. Asara ce mai iyaka, kana iya gaya wa akanta, kana iya liƙa sanarwa cewa duk wanda ya biya kuɗi a kwanakin nan ya kawo rasit ɗinsa. Idan kuwa ka gyara, abin da ya tafi yana iya zama na jiya, yana iya zama na 2019, a warwatse, ba wanda zai sani sai ranar da uba ya zo karɓar sakamakon ɗansa aka ce bai biya zango biyu ba, ko likita ya buɗe kati bai ga layin da ke cewa jikin matar nan ba ya karɓar wani magani ba. Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa aƙalla ya gaya maka yana da ciwo. Wanda aka gyara ba ya cewa komai.

Akwai kuma doka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya cewa kafin kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin, ko kuma matsalar da ta samu ba ta shafi sahihancin bayanin ba. Wa zai sa hannu a kan haka bayan an yage shafukan da ba a san adadinsu ba? Ka tuna irin nauyin abin da ke cikin rumbuna yanzu. Tun da aka yi dokar KADGIS a 2015, bayanan filayen jihar nan suka fara komawa cikin kwamfuta, kuma kowa ya san rigimar fili ba ta tsufa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗauki ɓacewa ko sauyawar bayanan mutane bisa haɗari a matsayin keta, ta ce a sanar da hukuma cikin awa 72 idan abin na iya cutar da masu bayanan. Ga wata ɓarna da ke tafe da gyara: injiniyan da abin ya fi ƙarfinsa yakan sauko da manhajar gyara ta sata daga intanet, ko ya tura fayil ɗin gaba ɗaya ga wani da bai taɓa gani ba a wata ƙasa. Cikin fayil ɗin nan akwai sunan wanda ke karɓar maganin ƙanjamau da lambar wayarsa.

Akwai wasu na uku da ke gefe suna cewa, da ma wa ya ce a taɓa? Tsohuwar saba tana aiki, a bar ta. Suna da abin nunawa. A watannin ƙarshe na 2024, da bankunan Sterling da Zenith da GTBank suka sauya manyan manhajojinsu, mutane sun sha wuyar tura kuɗi har hukumar kare haƙƙin masu saye ta yi gargaɗi. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa wani gyaran manhaja da bai hau wasu sabobi daidai ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. A Birtaniya, ƙaurar bankin TSB zuwa sabon tsari a Afrilun 2018 ta hana abokan hulɗa kusan miliyan 1.9 shiga asusunsu, ta kuma ci kujerar shugaban bankin. Duk da haka ban ɗauki wannan ra'ayi da nauyi ba. Faifai yana da ajali ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka kuma ƙofa ce a buɗe ga masu kulle fayil su nemi fansa. Wanda ya ƙi yin ƙaura da rana, da dare zai yi ta.

Ni dai na fi karkata ga masu komawa baya, amma da sharaɗi, kuma ba don na raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Inda bincike ya nuna fihirisa ce kawai ta lalace, masu gyara ne da gaskiya, a sake gina ta a ci gaba da aiki. Inda babu kwafi ko kaɗan ma, babu muhawara, da babu gara ba daɗi. Amma ko a nan ban yarda a kira abin da ya fito gyararren rumbu ba. Abin da ya dace shi ne a tsayar da manhajar, a kwafe fayil ɗin da kundin aikinsa zuwa faifai biyu kafin a taɓa komai, a yi duk gwaje-gwaje a kan kwafin, sannan a kwashe abin da ake iya kwashewa a zuba a sabon rumbu mai tsabta. Daga nan sai a yi aikin da ba wanda ke so: a ƙirga layukan kowane jadawali, a duba lambobin rasit ko akwai giɓi a jerinsu, a haɗa jimillar kuɗi da takardar banki da ta na'urar POS. Inda akwai kwafi kuma, ba lallai ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. A tayar da kwafin ya zama shi ne na aiki, a yi gyara a gefe don a tsamo abin da aka shigar a kwanakin ƙarshe, a tantance shi kafin a zuba. Haka yarinyar nan ba za ta kwana biyu tana bugu ba, kuma an san iyakar abin da ake shakka a kansa.

Abin da na fi adawa da shi ba gyara ba ne, shiru ne. A yadda ake yi yanzu, injiniya ne ke yanke hukunci shi kaɗai, a daidai lokacin da ya fi kowa son abin ya wuce ba tare da an yi magana ba, domin shi ne ya yi sabuntawar. Idan fayil ya buɗe an yaba masa, idan ya ce a koma baya kuwa kowa zai ga an yi asara a hannunsa. Ba sai mutum ya zama maha'inci ba kafin wannan ya rinjaye shi. Amma ba shi ne ya san nauyin abin da ke ciki ba. Akanta ce ta san ko layi goma da suka ɓace tsofaffin bayanan halartar aji ne ko basussukan dillalai, shugaban asibiti ne zai amsa tambaya idan kati ya yi ƙarya. Haƙƙinsu ne a gaya musu a fili: “Hajiya, zan iya sa shi ya buɗe yanzu, amma ba zan iya rantse miki cewa komai yana nan ba. Ko kuma mu koma na Alhamis, mu rasa kwana uku da muka sani.” Masu wuri su ma da nasu laifin, domin wanda ya tsaya a kan injiniya yana cewa shi dai ya ga ya buɗe kafin azahar, ya riga ya zaɓa masa.

Yawancin wannan rigima kuma ana kashe ta ne kafin ranar aiki, da abubuwan da ba su kai kuɗin sabuwar saba ba. A rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a fara ba sai an ɗauki cikakken kwafi, an kuma tayar da shi a wata kwamfuta daban a gaban akanta, ta buɗe ta ga lissafin jiya da idonta. Kada a sabunta a kan tsohuwar saba kanta, a kafa sabuwa a gefe, a bar tsohuwar a kashe ba a goge ta ba har a rufe lissafin wata guda a kan sabuwar. A tabbatar akwai mai a janareta da batiri mai rai kafin a danna komai. Kwafi ɗaya ya kwana a wani gini daban, ko da gidan mai wuri ne a Malali ko Unguwar Dosa. A wannan watan kuma a dawo da rajistar takarda a kan kanta, kashiya ta riƙa rubuta lambar kowane rasit da adadin kuɗinsa kafin ta miƙa shi.